Kwabon Delbert Hudak

Shekara goma sha huɗu na yi ina ɗaga wa Delbert Hudak kwali biyu na kwabbai duk ranar Alhamis, har yau kuwa in bayana ya tashi da ciwo shi nake fara tunawa. Sunana Loretta, ni ce ta taga ta uku a bankin da ke kan babban titin garinmu, nan gabashin Ohio, kafin in yi ritaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kantar banki ya san irin su Delbert. Za su miƙo maka dala hamsin ta takarda su ce a ba su ita a kwabbai. Kwali ɗaya naɗi hamsin ne, kowane naɗi kwabo hamsin a ƙunshe cikin takarda, nauyin kwalin kuwa ya kai na jariri ɗan wata shida. Manaja huɗu na yi zamani da su, babu wanda bai nemi hanyar korar sa ba, babu kuma wanda ya samu.

Ranar da ya fara zuwa na tambaye shi ko shago zai buɗe.

Ya ce, "A'a, 'yar nan. Dubawa zan yi."

"Duba me, Mista Hudak?"

"Kuskure."

Na ce, "To ai da gidanmu ka zo ka duba mijina, ka huta da ɗaukar kaya."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ɗora kwalayensa a kan ɗan amalanken cefane, ya ja. Sai da ya kai bakin ƙofa na ga kafaɗunsa suna motsi, ashe dariya yake yi. Daga ranar na daina ce masa Mista Hudak, na koma Del.

An haife shi a unguwar bayan layin dogo, inda rabin gidajen na 'yan ci-ranin gabashin Turai ne, iyayensa ma daga can suka zo. Yana shekara goma sha tara ya shiga masana'antar noti da ke bakin kogi. Bai yi shekara biyu ba suka gane cewa yaron yana da ido, suka ɗauke shi daga kan inji suka tsayar da shi a ƙarshen bel, inda kaya ke wucewa kafin a zuba a kwali. Noti ɗari uku za su wuce gabansa, ya sa yatsa biyu ya zare guda ɗaya wanda haƙorinsa ya ɗan karkace, ba tare da ya daina hira ba. Shekara talatin da uku ya yi a tsaye a wurin nan. Wata Juma'a suka zo aiki suka tarar da sarƙa a ƙofa da takarda a manne, shi ke nan. Daga nan ya koma sharar ajujuwa a makarantar firamare har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Arlene ta rasu da ciwon daji. 'Yarsu guda ɗaya, Denise, tana can Arizona, tana bugo waya ranar Lahadi in ta tuna.

A hunturun da Arlene ta rasu ne ya zazzage gwangwanin da take tara canji a kan teburin kicin, don kawai hannunsa ya sami abin yi. A cikin tarkacen ya ga wani kwabo da bugun hotonsa ya zame gefe, rabin kan mutumin da ke jiki ya fita waje. Ya ce mini ya daɗe yana kallon sa, yana jin haushin wanda ya bar shi ya wuce. Daga baya ya ji ashe akwai mutane dubbai da ba su da aiki sai neman irin waɗannan.

Tun daga nan ya mayar da abin aiki sosai. Ƙarfe takwas na safe ya zauna, ya shimfiɗa tawul, ya kunna fitilar tebur, ya ɗauki ɗan gilashinsa irin na masu gyaran agogo. Ya fasa naɗi, ya duba gaba, ya duba baya, ya jefa a bokiti. Sha biyu ya tashi ya ci abinci, ya dawo har ƙarfe uku. Ko shugaban ƙasa ne ya buga waya a tsakanin nan, sai ya jira. Waɗanda ya gama dubawa ba ya dawo mana da su, don ƙa'idarsu ce ba a mayar da kwabo inda aka ɗauko shi, kada mako mai zuwa a sake ba ka abinka. Wani banki yake kai wa can ƙetaren kogi. Na san matan da ke aiki a can, in muka haɗu a wurin gyaran gashi harara ce gaisuwarmu.

Ya samu abubuwa, ba a ce bai samu ba. Wanda gefensa ya gutsure tun daga gidan buga kuɗi, wanda wani harafi ya ɓace, tsofaffi na zamanin yaƙi. Yana da akwatin takalmi uku cike da su, kowanne a ɗan ambulan ɗinsa. In ka tara su duka ba za su sayi tsohuwar mota ba, shi ma ya sani. Ba kuɗi yake nema ba, kuma sai da muka yi shekara uku kafin ya gaya mini abin da yake nema.

Ranar babu layi. Ya miƙo hannu ta taga ya ɗauki hatimina na roba, wanda nake buga wa takardu.

Ya ce, "Duba nan, Loretta. In tun wajen sassaƙa wannan hatimin aka yi kuskure, rubutun ya fito biyu, to duk takardar da kika buga wa haka za ta fito, iri ɗaya sak. Wannan shi ne ninkin hatimi. Shi muke nema." Sai ya buga a kan wata takarda yana girgiza hannu da gangan, tawada ta ja gefe. "Wannan kuwa hatimin lafiyarsa ƙalau, hannu ne ya yi rawa. A kwabo muna ce masa rawar inji. Ga wanda bai sani ba duk ɗaya ne, amma wannan ko kwabo biyu ba za a ba ka a kansa ba."

Na ce, "Ka ɓata mini takardar ajiya."

Bai kula ni ba. Ya ce akwai wani tsoho a Wisconsin da ke riƙe da kundi. Duk wanda ya gano ninkin hatimin da ba a taɓa gani ba, sai ya aika masa da kwabon. In tsohon ya tabbatar, sai ya ba shi lamba, ya rubuta sunan wanda ya gano a ƙasa, ya buga a mujallarsa da ke fitowa duk wata uku. Sunan nan ya zauna ke nan. Bayan shekara hamsin in wani a California ya tsinci irinsa, zai buɗe kundi ya ga sunanka.

"Duk wahalar nan don layi ɗaya?"

Ya ce, "Shekara talatin da uku kowane kwalin noti da ya fita daga garin nan da 'yar takarda a ciki, an rubuta mai dubawa na 14. Ni ne na 14 ɗin. Ina son in ga yadda Hudak yake a buge."

Wallahi ranar na ji kunyar duk tsakin da na yi masa a baya.

Dole in kawo Russ Kimmel nan, ko da yake bakina ba ya son sunan. Tare suka taso da Delbert, shi ne ma abokin ango ranar auren Arlene. A masana'anta ɗaya suka yi aiki, amma Russ a ofis yake, da taye. Da aka rufe sai ya buɗe shagon tsofaffin kuɗi da agoguna kusa da gidan waya. Mutum ne mai baki, irin wanda zai dafa kafaɗarka yana tambayar lafiyar mahaifiyarka da sunanta. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tara kwabbai ta garinmu, tsofaffi goma sha biyu da ke haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan azahar, a ɗakin ƙasa na coci. In gardama ta tashi a kan kwabo, Russ ake miƙa wa, abin da ya faɗa kuma ya zauna.

Suna da wata al'ada da suke ganin abin dariya ce. A tsakiyar tebur akwai ƙatuwar kwalba. Duk wanda ya zo da kwabo yana murna aka duba aka ce ba komai ba ne, sai ya jefa shi ciki da hannunsa, sauran su yi ta buga tebur suna cewa, "A sha kofi! A sha kofi!" In an tashi Russ ya tafi da kwalbar, ya sayo garin kofi da kek na wata mai zuwa. Abin da ya shiga kwalba ya fita daga hannun mai shi. Haka dokar take tun da aka kafa ƙungiyar.

A shekara ta goma sha uku na lura Delbert yana karkata kai in zai dube ni, kamar kaza. Na tambaye shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa. Likita ya ce wani duhu ne ya fara a tsakiyar idanun, zai yi ta faɗi, babu maganin tsayar da shi. Shekara ɗaya, ko ɗaya da rabi in an yi sa'a, sannan karatu ya gagara. Na ce to ya huta mana. Ya ce daga mako mai zuwa a ƙara masa kwali ɗaya, su zama uku. Na yi masa faɗa har manaja ya leƙo, amma na rubuta uku.

Wata biyar bayan haka ya zo ranar Juma'a, abin da bai taɓa yi ba. Ƙarshen wata ne, layi har waje, ɗaya daga cikinmu ba ta zo ba, kaina kamar zai tsage. Ya bi layi kusan rabin awa. Daga ƙarshe ya iso taga. Ya ajiye ɗan ambulan da gilashinsa.

Ya ce a hankali, "Loretta, duba mini. Lambar ƙarshe ta shekarar, bakwai ɗin nan. Ƙafarta ta rabu biyu. Sannan ki duba kunnen mutumin."

Na ɗora gilashin a ido. Ban iya riƙe shi ba ma, wani jan abu kawai nake gani yana yawo. Wata mata a bayansa ta ja tsaki.

Na ce, "Del, ni ban ga komai ba."

"Ki matso da shi kusa. Akwai tsaga, ba shafa ba ce, tsaga ce. Na duba kundin daga farko har ƙarshe, babu shi." Ya taɓa aljihun rigarsa, na ga kan wata ambulan da kan sarki a manne. "Na ma rubuta adireshin. Daga nan gidan waya zan wuce. Sai dai..." Ya sauke hannu daga aljihun. "Jiya na ga tabo a bangon kicin, na je gogewa, ashe a idona yake. Ba na son in aika wa mutumin nan shirme ya ce wani makaho ne a Ohio."

Abin da ya kamata in ce ɗan kaɗan ne. In ce masa, kai da ka yi shekara talatin da uku kana wannan aikin, je ka aika. Amma layi nake kallo. Na ce, "Gobe ba taronku ba ne? Ka nuna wa Russ mana, ai ya fi ni ido."

Ya ce, "Haka ne kuma." Ya tattara kayansa ya ba matar wuri.

Shekara nawa ke nan yanzu, ban daina jin muryata tana faɗin wannan maganar ba. Don in rage layi da mutum ɗaya na faɗe ta.

Alhamis ta zagayo ya zo ba amalanke. Kwalayensa uku suna ƙarƙashin kanta, na riga na ɗaga su. Ya ce in mayar, kuma in soke na gaba.

Na ce, "Me ya faru?"

Ya ba ni labari yana kallon gefe. Russ ya karɓi kwabon, ya duba, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya tashi ya je gindin taga inda haske yake, ya sake dubawa. Sannan ya dawo ya dafa shi ya ce, "Kash, ɗan'uwa. Rawar inji ce. Wannan ai ko makaho..." sai ya kama bakinsa. Can wani ya fara buga tebur don ya kashe kunyar, sauran suka bi. Delbert ya jefa kwabon a kwalba.

Na ce, "Ka jefa? Da hannunka?"

"Doka ce."

"Wani ya duba ban da Russ?"

"Wa zai duba bayan Russ?"

"Haba, Del! Kai fa ka yi shekara talatin da uku kana..."

Ya katse ni. "Da ido biyu na yi su." Ya gyara hularsa. "In har na kai ba na bambance tsaga da shafa, to na gama. Gara in tashi da kaina kafin a fara jin tausayina."

Ya tashi ɗin kuwa. Ya naɗe tawul, ya sa gilashin a aljihun tebur, taron ma ya daina zuwa. Ni kuma na fara biyawa ta gidansa ranar Lahadi bayan coci, da tukunyar miyar kabeji, ina ce wa kaina zumunci ne. In na shiga zan same shi a kujerar kicin, rediyo a kashe, hannuwansa a kan tebur. A watannin farko yana iya karanta wasiƙunsa da kansa, har jarida yana dubawa. Sau biyu na ce in kawo masa ko kwali ɗaya ne, ya ce in bar shi. A hankali ya fara miƙo mini wasiƙun in karanta masa. Kafin wata takwas ya cika, fuskata ma sai ta gefen ido yake ganin ta.

Mujallar tsohon Wisconsin ba ta daina zuwa ba, don ya biya na shekara. Ni nake karanta masa, ina tuntuɓe a kan lambobi yana gyara mini. Wata Lahadi a watan Oktoba na kai shafi na uku, inda ake jera sababbin da aka tabbatar. Na fara karantawa kamar kullum. Shekarar ita ce. Ƙafar bakwai ta rabu biyu. Ninki a kunne. Idona ya riga bakina sauka layin ƙasa, sai na dakata da karatun.

Ya ce, "Ci gaba mana."

"Miyar nan za ta huce."

"Loretta."

Na karanta. "Wanda ya gano, R. Kimmel, Ohio."

Na jira ya buga tebur, ko ya yi zagi, ko wani abu. Ni da zan iya da na kifar da tukunyar. Shi kuwa ko ɗaya bai yi ba.

Ya ce, "Ninkin hatimi suka rubuta?"

"Haka suka rubuta."

"Sake karanta mini wajen bakwai ɗin."

Na sake. Ya gyaɗa kai a hankali. "Tsaga ce. Na gaya miki tsaga ce." Sai muryarsa ta canza. "Wata takwas, Loretta. Ina da sauran gani na wata takwas, na zauna a nan ina sauraron firji."

Litinin da safe ban je aiki ba sai da na biya shagon Russ. Yana goge gilashin kanta, ya ɗago da fara'arsa.

"Loretta! Yau wace rana? Ya maigidan, ya ƙafar tasa?"

Na ajiye mujallar a gabansa. "Bar ƙafar maigidana. Wannan fa?"

Fara'ar ba ta tafi duka ba, ta dai rage. "Af, wannan. Ai na so in zo in same shi. Kin san abin da ya faru? Da na je gida ina zazzage kwalbar sai na ce bari in sake dubawa da fitila mai kyau. Hasken cocin nan ba haske ba ne. Kuskure na yi ranar, kowa yana yi."

"Da ka gane kuskure ne, wayarka ta lalace?"

"Ki tsaya ki ji. Abin da ya shiga kwalba na kwalba ne. Del ya san haka, da shi aka kafa dokar. Kuma ban ci na kowa ba, dala guda na sa a madadinsa."

"Sannu, mai gaskiya. Sunan fa?"

"Tsohon can sunan wanda ya aiko yake rubutawa, ba ni na tsara ba."

"To rubuta masa ka ce na Delbert Hudak ne."

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. "An riga an buga. In na ce a canza yanzu, me za a ɗauke ni? Shekara ashirin ina gina sunan shagon nan." Ya rage murya. "In wani abu yake so, zan ba shi, ba zan bari ya tashi a banza ba. Ke ma kin san halin da yake ciki. Ko an rubuta sunan nasa, da wane ido zai karanta?"

Ban san lokacin da na ce masa abin da na ce ba, ba kuma zan maimaita shi a nan ba. Wani mutum da ya shigo gyaran agogo ya juya ya fita.

Na rubuta wa tsohon Wisconsin wasiƙa shafi huɗu. Ya amsa da ladabi. Ya ce kusan kowane wata yana samun irin wannan ƙorafi, shi ya sa ƙa'idarsa ɗaya ce, wanda ya fara aikowa. Amma in akwai hoto, ko wani da ya duba kwabon a hannun Mista Hudak ya ga ninkin da idonsa kafin ranar, zai sake nazari. Hoto babu. Wanda ya duba kuwa akwai, ni ce, ni da na ce ban ga komai ba. Na yi tunanin in yi ƙarya, har na fara rubutawa. Da na gaya wa Delbert ya ce in na aika ba zai sake cin miyata ba.

Na bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ga lokacin da kwabon ya faɗa kwalba, babu wanda ya sa gilashi a kansa. Ɗaya ya ce shi ranar bai zo da tabarau ba. Wani ya ce abu ne tsakanin aminai, su sasanta. Wani tsoho da ya fi su gaskiya ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ranar da na mutu, Russ ne kaɗai a garin nan zai sayi tarkacena a hannun matata." Na fahimce shi, amma ban yafe masa ba.

Delbert ya rasu a watan Fabrairu na shekarar da ta biyo, yana da saba'in da biyar. Denise ta zo ta yi kwana huɗu, ta sayar da gidan. Amma ba jana'izar ce ta tsaya mini a rai ba. Asabar ɗin farko ta Disamba ce, wata biyu bayan na karanta masa mujallar, ranar da ya bugo mini ya ce in zo in kai shi taro.

Na same shi ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya yi aski da kansa har ya yanke haɓa. Na riƙe masa gwiwar hannu muka sauka matakalar ɗakin ƙasa. Russ ne ya fara miƙewa.

"Del! Kai, ka ɓuya! A ba shi kujera mana."

Delbert ya ce, "Ba zama zan yi ba. An ce kana zuwa da kwabon nan kowane taro kana nunawa. Ba ni in riƙe."

"Del, ka ga, maganar nan da mun yi ta mu biyu..."

"Ban zo magana ba, Russ. Riƙewa kawai zan yi."

Russ ya dubi mutane, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya buɗe jakarsa ya ciro. Ashe ya riga ya aika an tantance kwabon an rufe shi a cikin roba mai ƙarfi, irin wadda ba ta buɗuwa sai an fasa, girmanta kamar katin banki, da 'yar takarda a sama. Ya sa a tafin Delbert.

Delbert ya shafa da babban yatsa. Ya juya, ya sake shafawa, yana neman gefen kwabon, yana neman ƙofa. Ko'ina sumul. Ya ɗaga shi kusa da kunnensa na dama, inda sauran ganin yake, ya karkata kai, ya daɗe a haka. Sannan ya sauke.

Ya ce, "Akwai rubutu a sama. Me aka rubuta?"

Tsofaffi goma sha ɗaya da tabarau a hanci, babu wanda ya iya karatu ranar. Na karɓa na karanta da ƙarfi, yadda na kusa da ƙofa ma zai ji. Shekarar, lambar kundi, sannan, "Na farko da aka gano. R. Kimmel."

Na mayar masa a hannu.

Ya ce, "Babu wani abu a ƙasa? Ko da ƙanana?"

"Babu, Del."

"Duba bayan."

Na duba, ko da yake na sani. "Babu komai a bayan."

Sannan ya miƙa robar gabansa, wajen da yake zaton Russ yake. Russ kuwa ya riga ya ja da baya ya koma ɗaya gefen tebur. Hannun Delbert yana nan a miƙe a iska, kowa yana kallo. Sai da Russ ya zagayo teburin gaba ɗaya, ya wuce bayan kujeru shida, kafin ya iso. Duk tsawon tafiyar nan ina kallon bakinsa, ina jiran ya buɗe ya ce riƙe abinka.

Ya sa hannu ya karɓa.